Tarbar Fada Bitrus

Tun da safe Saude, shugabar Zumuntar Mata, take ta kai-kawo a harabar cocin Katolika da ke bayan ƙauyen Jajaye. Yau sabon Fada, wato limamin coci, zai yi musu sujadar Mas ta farko, kuma an ce idan tarbar ta yi masa daɗi zai riƙa zuwa kowace Lahadi. Su da sukan yi watanni ba su ga ƙeyar Fada ba, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Fada Bitrus Bahaushe ne irinsu, abin da ba su taɓa samu ba. Maraya ne, in ji katikis, mai koyar da addini a cocin, Sistocin mishan ne suka yi masa karatu. Don haka Saude ta ce yau kowace mace a nan uwarsa ce. Aka yanka akuya, aka dama kunun zaƙi, aka shimfiɗa sababbin tabarmi tun daga bakin hanya.

A kan tabarmin nan ta tarar da wata tsohuwar kuturwa zaune, ta rungume ƙullin gyaɗa da dungulmin hannunta. Ta ce daga wajen Karaye ta taho a ƙasa, Fada kawai take so ta gaisar.

"Iya, tashi daga kan tabarmar mutane," in ji Saude.

Ta kore ta bayan murhu, ta zuba mata ƙanzo a sakaina.

Fada ya iya wa'azi, ba a magana. Ya ce duk wanda ya rufe wa baƙo ƙofa, Almasihu ya rufe wa. Mata suka yi ta sharar hawaye. Maganar ta soki Saude, har ta ji kunyar kanta. Ana tashi ta durƙusa kusa da shi, ta raɗa masa cewa akwai wata kuturwa da ke son gaishe shi.

Ya daɗe yana kallon wajen murhun. Sannan ya ce, "A bar ta a can, kada ta tsorata yara."

Hankalin Saude ya kwanta, tunda babba ya faɗa.

Da motarsa ta tashi, tsohuwar ta rarrafo bakin hanya tana miƙa ƙullin. Sau ɗaya ta yi kira, ba da ƙarfi ba: "Lado." Samari suka kwashe da dariya, suka janye ta da sanda, gyaɗar ta watse a ƙasa. Fada ya ɗaga gilashin mota.

Bai sake taka Jajaye ba. Saude ta yi ta cin rai, wani lokaci ta ɗora laifin a kan naman akuya da ya yi tauri, wani lokaci a kan 'yan waƙa. Ba akuyar ba ce. Mutum ɗaya ce a duniya ke kiransa Lado, uwar da ya daɗe da faɗa wa kowa cewa ta mutu.