Sabis a Kan Katanga

Sabis ya ɗauke daidai lokacin da za a fara yi wa Dogo ganawar ɗaukar aiki ta bidiyo. Ya ɗaga waya sama, ya leƙa taga, ya kashe ya kunna. Shiru. Ya gaji da yawon neman aiki, yau da aka kira shi kuma waya ta zama dutse.

"Cire batirin ka hura masa iska," in ji Inna daga tsakar gida.

"Inna, ba rediyo ba ce!"

Ya ruga gidan sabon maƙwabcinsu mai intanet na waifai, ya hau dukan ƙofa.

"Ranka ya daɗe, lambar waifai don girman Allah! Rayuwata ce!"

"Ina da taro yanzu," aka amsa daga ciki, ba a ko buɗe ba.

"Taron banza! Marowaci kawai, ka jiƙa waifan ka sha!"

Ya haye katangar mutumin ya miƙe tsaye, sama kwat da nektai, ƙasa gajeren wando. Sabis ya ɗan leƙo. Nan take ya danna kiran ganawar.

Fuskar wani dattijo ta bayyana. A bayansa akwai taga, ta cikin tagar kuma ga wani dogo tsaye kan katanga da gajeren wando.

"Ashe kai nake jira," in ji dattijon. "Sauko mini daga katanga tukuna, sannan ka faɗa mini dalilin da zai sa in ɗauke ka."