Gyaran Sif

Tsohon kafinta ya sauke akwatin aikinsa a ɗakin 'yarsa. Mijinta na tsaye bakin ƙofa yana kaɗa makullin mota.

"Baba, ga aikinka nan, ƙofar sif ta sake ɓallewa. Kayan ɗakin da aka haɗa da ragowar katako ai sai haka. Firjin da kuka ce za ku biyo ta da shi fa? Haƙurina ya kusa ƙarewa."

Tsoho ya buɗe akwatin aikinsa. Da hannunsa ya ƙera sif ɗin nan na zuba sutura don ba shi da halin na kanti, kuma tun ranar da aka kafa shi dangin miji ke yi wa yarinyar gori.

Sai da ƙarar motar mijin ta yi nisa sannan 'yar ta fito, mayafi ya rufe rabin fuskarta, tana jan ƙafa.

"Sannu da zuwa, Baba."

"Me ya sami ƙafar?"

"Santsi ne ya kwashe ni."

Ya durƙusa ya duba ƙofar sif ɗin. Katako bai ruɓe ba, ƙusa ba ta yi tsatsa ba. Fizge ƙofar aka yi da ƙarfin tsiya. Ya leƙa ciki. Babu sutura ko ɗaya, sai filo da gorar ruwa.

"Baba," ta ce ƙasa-ƙasa, "in ka gama, ka sa mini sakata mai ƙwari."

"Sakata a sif, 'yar nan? Ai kwaɗo ake sa masa."

Ta saurari titi tukuna.

"Ta ciki za ka sa."