Shuɗiyar Waya Mai Kai Biyu

Ku yaran yanzu, da kun riƙe takardar makaranta sai ku ɗauka duk mai furfura jaki ne. Ana yi muku magana kuna latsa waya. To ku buɗe kunne, ga abin da ya sami wani manaja.

Kamfanin buga takardu ne, kwamfuta goma sha huɗu da babban injin bugu ɗaya. Kowace kwamfuta da wayarta, duk wayoyin kuma sun taru a wani akwati mai ramuka da suke kira suwic, a ɗan ɗakin da ke bayan ofishin manaja. Ta cikin akwatin nan aiki ke bi ya isa ga injin. Makullin ɗakin biyu ne, ɗaya a hannun manaja, ɗaya a hannun Iya mai shara.

Shekara goma sha tara Iya tana sharar wurin. Ranar da sabon manaja ya kama aiki, sau biyu ta goge masa tebur tana murmushi. Shi ko kallonta bai yi ba. Ma'aikata suka lura ba ta taɓa kiran sunansa, suka ce tsoron manya ne.

Manaja mutum ne mai son tsari. Ba ya son ganin takarda a karkace, balle waya tana lilo. Kullum kafin ya tashi sai ya shiga ɗan ɗakin ya daidaita komai.

Tun zuwansa layin da ke kai aiki ga injin ya fara ciwo. Da safe a tura aiki, shiru. Fitilun akwatin su yi ta ƙyaftawa kamar masu zazzaɓi, ma'aikata su zauna da tagumi. Sai wajen ƙarfe goma, bayan an gama shara, abu ya dawo da kansa.

Rannan Iya ta same shi shi kaɗai. Ta ce, "Ka ji, shuɗiyar wayar nan. Wanda ya haɗa akwatin tun da can ya ce kai ɗaya ake sa mata. In aka sa biyu, maciji ne ya haɗiye bindinsa."

Ya ce, "Iya, ki tsaya a kan tsintsiyarki. Kada a gan ki kina min magana a nan."

Ta tsaya a kan tsintsiyarta.

Da aikin wata makaranta ya makara, mai kamfani ya zo da kansa yana huci. Ya tura ƙofar ɗan ɗakin, manaja na biye da shi, sai ga Iya a durƙushe, hannunta cikin wayoyi, tana zare ɗaya.

"Ashe ke ce! Wa ya aike ki?"

Iya ta dubi manaja. Manaja ya dubi bango, ya ce, "Dama na yi zargin haka, ranka ya daɗe. Jahilci ba abin da ba ya sawa."

Da ta so, kalma ɗaya ta ishe ta. Ba ta faɗe ta ba. Ta ajiye makulli a tebur. Manaja ya miƙa hannu ya karɓi tsintsiyar ma, wai kayan kamfani ce. Ta fita ana kallonta kamar ɓarauniya.

Washegari layi ya ɗauke. Goma ta yi, azahar ta yi, bai dawo ba. Kwana uku injin bugu yana tsaye, masu aiki suna kwashe takardunsu suna kai wa wasu. Manaja ya rame. Wayarsa ta yi ta kuka a tebur, in ya duba mai kiran sai ya kifa ta.

Ya ce tsohon akwatin ne ya gaji, makaho ne, ba ya sanin abin da ke bi ta cikinsa. A sayo sabo mai gudu ninki goma, mai ido, wanda ke lura da kowane rami, ya rufe mai ɓarna, ya kuma faɗi lambarsa. Mai kamfani ya cije ya saya.

Wata injiniya ta zo ta haɗa. Manaja na tsaye a kanta, ya ga shuɗiyar waya tana lilo, ya sunkuya ya cusa ta a rami kamar yadda ya saba. Nan take ramin ya mutu, jan rubutu ya fito a kwamfutar injiniya.

Ta ce, "Malam, me ka yi yanzu?"

"Gyarawa na yi. Kullum sai na tarar an zare ta."

"Kullum?" Ta juya ga mai kamfani. "Waya ɗaya ce, kai biyu a akwati ɗaya. Saƙo ya fita ta nan ya dawo ta nan, ya yi ta zagaye har ya toshe wa kowa hanya. Tsohon akwatinku lafiyarsa ƙalau. Duk wanda ke zare wayar nan da safe, shi ya riƙe muku kamfani."

Mai kamfani bai ɗaga murya ba. Hannu kawai ya miƙa, manaja ya sa masa makulli.

Sai a lokacin manaja ya tuna da masu kiransa. Ya nufi unguwar da ya daina shiga da rana, lungun da Iya ke haya. Tun daga nesa ya hango tabarmi a ƙofar gida, maza zaune, kowa kansa a ƙasa. Jininta ya hau tun ranar da aka kore ta. Da safen nan aka kai ta.

Wani dattijo ya ɗago ya dube shi. "Sai yanzu? Kwana uku tana cewa a kira mata kai."

Aiki ana samun wani. Amma gafarar da ya zo nema an rufe ta da ƙasa, kuma tsintsiyar nan da ya ƙwace ita ta kai shi makaranta, don Iya mai shara ita ta haife shi.