Wutsiyar da Ta Yanke

An yi wata mata mai bincike a jami'a, wadda ta shafe shekara huɗu tana kiwon ƙananan ƙudajen nan masu jan ido da ke bin ruɓaɓɓen mangwaro. A kwalabe take ajiye su, tana dama musu kunun masara da yis, sinadarin nan mai kumbura burodi. Abin da take bi shi ne wani furotin da ke cikin ƙwayoyin jikinsu, wanda aikinsa isar da saƙo. Idan umarni ya zo daga wajen ƙwaya cewa a girma, sai ya ɗora wa na gabansa alama, wancan ma ya miƙa, har ƙwayar ta rabu biyu. Furotin ɗin gaɓa-gaɓa ne kamar rake: babbar gaɓa mai ɗora alama, da ƙanana biyu, sai wata 'yar wutsiya a ƙarshe wadda kullum take dagula mata awo. Matar nan ba raguwa ba ce, kuma ba ta da girman kai. Ta gaji ne. Saura wata biyar ta kare digirinta, ga 'ya'ya biyu da ta bari wajen mahaifiyarta da alkawarin za ta dawo kafin kaka. Sai ta ce a ranta, ai babbar gaɓar ce mai aiki. Ta samar da sabon iri wanda furotinsa ba shi da wutsiya, awo kuwa ya fito fes, ya ninka na da. Masu wannan aiki suna da ƙa'ida: ba a zubar da iyaye sai 'ya'ya sun yi fiffike. Ta san ƙa'idar sarai. Amma wuri ya yi mata kaɗan a akwatin ɗumi, tsutsotsin da sabon irin ya ƙyanƙyashe kuma sun yi ɓul-ɓul gwanin sha'awa, sai ta wanke kwalaben tsohon irin kaf.

Tsutsotsin suka yi ta ci suna kumbura. Ranar da ya kamata su zama ƙuda ta zo ta wuce, babu ko ɗaya da ya tashi. Da ta duba su a ƙarƙashin madubin ƙara girman abu, sai ta ga ƙwayoyin sun hau kan juna ba tsari, suna ta rabuwa kamar kasuwar da ba ta da ranar tashi. Nan ta gane. Ashe wutsiyar nan lanƙwasowa take yi, ɗaya daga cikin ƙananan gaɓoɓin ta riƙe ta, su danne babbar har sai saƙo ya iso. Da ta cire ta, sai furotin ya zama ɗan aiken da ke ta shela ba wanda ya aike shi. Cikin mako guda tsutsotsin suka mutu, kwalabe arba'in suka yi tsit. Tsohuwar malamarta ta same ta zaune a gabansu, ta duba madubin sau ɗaya, ta ce, "Sakatar ƙofa kika cire, 'yata. Ni ma na taɓa cire tawa." Ta ɗauko kwalabe biyu daga cikin nata ƙudajen ta ajiye mata. Irin ba ɗaya ba ne, dole a faro daga tushe. Matar ta kira mahaifiyarta ta ce a gaya wa yara ba bana ba, sai baɗi. Sannan ta ɗora tukunyar kunun ƙudaje.

Shi ya sa Hausawa suka ce, ɗan hakin da ka raina, shi ke tsone maka ido.