Ɓarawon da ke Cikin Rediyo

Tsoho ya ture kwanon abincinsa gefe tun mutumin da ke rediyo bai gama jimla ta biyu ba.

Wani marubuci ake hira da shi, irin waɗanda littafinsu ba shi da farko balle ƙarshe. Yana bayanin yadda yake aiki, yana jan magana kamar wanda ake biya da tsawonta. Wai a tsaye yake rubutu, don zama na sa jimla teɓa. In ya gama babi sai ya sa almakashi ya daddatsa shi, ya zube a tire, ya rufe ido ya riƙa ɗebowa.

Tsoho ya san almakashin nan. Ya san tiren, har inda ya lotse. Ƙuruciyarsa kaf a kan wannan dabara ta ƙare, ana nuna shi da baki ana cewa kansa ya taɓu. Yau ga wani ƙato ya ɗauke ta ɗungurungum yana shan yabo, ko sunan mai ita bai ambata ba.

"Auta!" ya ƙwala wa 'yarsa kira. "Zo ki ji ɓarawo da rana tsaka!"

Ta fito daga kicin, hannu duk kumfa. Fuskarsa ta tsaya kallo, ba rediyon ba.

"Baba, ka dai saurare shi da kyau."

"In saurari me? Murya kamar ta mai tallan maganin basir!"

Mai tambaya ya nemi jin dalilin da ya sa babin ƙarshe ya faɗo tsakiyar littafi. Marubucin ya yi gyaran murya, ya ce ai lokaci ba igiya ba ne, tarwatsattsen abu ne, kuma ya daɗe yana nazarin hakan.

Nan tsoho ya miƙe, gwiwoyi na ƙara. Ashe har littafin aka haɗa aka sace, aka ɗora ƙarya a kai. Wane nazari? Fanka ce ta watsa takardun, uwar Auta ta tattara su yadda ta ga dama, mai ɗab'in littafin kuma yana tsaye bakin ƙofa yana jira. Hikimar daga baya masana suka ɗinka mata riga.

"Miƙo min takalmina. Gidan rediyon za mu je mu tare shi kafin ya fito. Wallahi sai ya faɗi sunana duniya ta ji!"

"To, Baba. Zauna in ɗauko."

Ta goge hannu a zani, ta danna maɓalli, marubucin ya yi shiru a tsakiyar kalma. Ta zare kaset ɗin. Likita ne ya ce a riƙa sa wa mahaifinta tsohuwar hirar da aka yi da shi, ko jin muryar kansa zai dawo masa da wani abu daga cikin abin da ya manta.