Layin da Ya Hana Tikiti

Ranar kasuwar Warra, shafin intanet na sayar da tikitin jiragen ruwan Alhaji Bilyaminu ya sake cijewa. Da zarar jirgi ya cika sai ya ƙi karɓar kowa, fasinjoji su watse wurin wasu.

Alhaji ya san mai wannan aika-aikar. Gideon ne, wanda ya gina shafin, ya bar aiki bara bayan jirgin Alhaji ya kife, mutane suka mutu. A gaban kwamitin bincike Alhaji ya rantse kuskuren kwamfuta ne ya sa lodi ya yi yawa, laifi ya hau kan Gideon. To ga ɗan banzan ya bar masa tarko! Ya ci alwashin ko gyaran waya Gideon ba zai ƙara samu a Yelwa ba.

Aka kawo masa wata Shamsiyya, wai ta san kan abin. Ta zauna a ofishinsa na bakin ruwa, ta juya wa tafkin baya, ta ajiye wayarta kusa da shi. Lemon da aka kawo mata ko taɓawa ba ta yi ba.

Ta buɗe kwamfuta, ta sa wa wani layin umarnin shafin alama, yadda in aiki ya iso nan zai tsaya cak a leƙa cikinsa. Ta cika jirgin gwaji a shafin, ta ƙara fasinja ɗaya, ta rubuta suna: Ladidi. Shafin ya tsaya.

"Ga shi, Alhaji. Wanga layi shi ka ƙirga mutane. In an cika, shi hana."

"Hidda shi!"

"Ina tsoro, ranka shi daɗe. In aka taɓa shi, shafin duka na iya lalacewa."

Alhaji ya tuntsire da dariya. "Ke yarinya, wa ya gaya miki? Bara ni na tsaya kan Gideon, yana ƙi yana komai, sai da ya hidda shi. Muka yi lodi son ranmu! Mugunta ta sa ya maido shi."

Magana zarar bunu. Sai da ta fita ya ji ɗacinta.

Shamsiyya ta rufe kwamfuta a hankali. Ta ɗauki wayar, wadda tun shigowarta kira ke tafiya a cikinta, ta kara a kunne.

"Shugaban kwamiti, ka ji da kunnenka ko?"

Alhaji ya miƙe zumbur. "Ke... ke ɗiyar wa ce?"

"Ɗiyar Ladidi, wadda ka saida wa tikiti bara bayan jirgi ya cika."