Yatsun Da Ba Su Yi Kanta Ba

Ƙanina, tunda ka sayo jita ka rataye ta a ƙusa, kana ta yi mini ƙorafi wai tsirkiya na cin yatsunka, har kana cigiyar malamin da zai koya maka ba zafi, matso in ba ka misali. Ka san ni da tsokana, ba wanda na ƙyale a unguwar nan. Amma wannan abin ko ni bai ba ni dariya ba, haushi ya ba ni.

An yi wani mai aski, mutumin kirki, da ya yi wa amininsa alkawari cewa ranar bikinsa shi zai kaɗa masa jita da hannunsa. Ya sayi irin ta katakon nan da ba a jona ta da wuta, ya tafi wurin wani makaɗi. Makaɗin ya ɗaure tsirkiyoyin tam, ya ce danna. Ya danna, ƙarfe ya shige nama. Ba a jima ba kan yatsunsa ya yi bororo, ko kan mutum ya dafa zai yi aski sai ya ciji leɓe. Makaɗin ya duba ya ce haka ake so, bororo ne ke zama kanta, kanta ce ke yin kiɗa. Mai aski ya ce wannan mugunta ce ba koyarwa ba, ya saɓa jitarsa ya fice.

Sai ya faɗa hannun wani ɗan zamani mai shago da fanka da kujera mai laushi, da allo a ƙofa wai a nan ake koyon kowane salo ba wahala. Shi wannan, Allah wadan halinsa, ya daɗe da gane cewa ɗalibin da yatsansa ya yi ciwo yau ba ya dawowa gobe. Abin da ya fara yi shi ne ya sassauta tsirkiyoyin nan har suka koma kamar igiyar shanya. Ya ce ɗora yatsa kawai, ba sai ka danna ba, hannu zai saba da kansa, haka ake yi yanzu. Ya kunna kiɗa a waya, ya jona da sifika, ya ƙure murya. Mai aski na shafar igiya, sifika na zuba kiɗa, shi kuwa bai taɓa jin ƙarar jitarsa ita kaɗai ba, balle ya san ba ta cewa komai. Yau salon Buzayen Agadas, har da naɗa masa rawani. Gobe salon Kwango, a maƙala masa baƙin tabarau. Jibi na Turawa, a kifa masa malafa. A ɗauki bidiyo a watsa, masu zuwa aski suna ta jinjina masa. Aminin nasa, ango, shi ma ya gani, daɗi ya kama shi, ya sallami mai gurmin da aka kama don bikin, ya ce me zai yi da bare ga nasa a gida.

Ranar biki rumfa ta cika, dangin amarya sun zo daga nesa sun sha ado. Aka ba mai aski kujera a tsakiyar fili, aka kara masa makirfo a bakin jita. Malamin zamani bai zo ba, wai yana da wasu ɗalibai. Mai aski ya gyara zama ya shafa. Abin da ya fito ɓal-ɓal ne, kamar ana karkaɗe jiƙaƙƙen zani. Wani baƙo da ya san jita ya ji tausayinsa, ya karɓa ya ɗaure masa tsirkiyoyin yadda ya kamata, ya miƙa masa. Mai aski ya danna da yatsun nan masu laushi kamar sabon burodi, ƙarfe ya gaishe shi a inda ya gaishe shi ranar farko. Ya ciji haƙori, gumi na bin wuyan babbar riga, ko baiti guda bai kai ƙarshensa ba hannun ya ƙi. Sai wata gwaggon amarya ta ɗaga murya ta ce, "Ango, wannan shi ne makaɗin, ko mai gyara ne makaɗin na tafe?" Mata suka kwashe da shewa. Ango ya sunkuyar da kai. Aka ruga neman mai gurmi, ashe ya tafi wani bikin a wani gari. Haka aka ci shinkafa aka watse, ba wanda ya taka rawa.

Washegari mai aski ya je shagon yana huci. Ka san abin da mutumin nan ya ce masa, ko kunya babu? "Haba maigida, da na ɗaure maka tsirkiya da ka dawo? Abin da ka zo nema shi na ba ka." Ka ji fa! Ni in na ɗana wa mutum tsiya, a ƙarshe tare muke dariya. Wannan ya ɗana wa bawan Allah tarko, ya bar shi ya faɗa a gaban surukan amininsa, kuma har yau allonsa na nan a ƙofa.

Ban ce kada ka koya da waya ba. Kalla, ka ga inda ake ɗora yatsa, ka zaɓi salon da ranka ke so. Amma waya ba ta danna maka. Sauko da jitar nan daga ƙusa, duk malamin da ya ce ba zafi ka gudu ka bar shi. Hausawa sun riga sun gama magana: kowa ya ci zomo, ya ci gudu.